Kafin a sayi injin yankan ciyawa, a tambayi rani

Makon jiya, bayan sallar la'asar, wasu dattawa uku daga wata ƙungiyar masu kiwo ta wajen Gene suka same ni a ƙofar gida. Takardar farashi ce ta kawo su, wadda wani dillalin kayan noma ya turo musu a WhatsApp da Faransanci, haɗe da ɗan bidiyo. Babbansu ya miƙo mini wayar ya ce, "Malam, kai ne ka yi boko. Duba mana wannan kafin mu aika kuɗi." Suna da tarakta guda da suke huɗa da ita da damina, kuma shekara biyu ke nan suna zubi don su sayo injin yankan ciyawa da za a riƙa ɗaura mata a baya.

Bidiyon ya yi kyau, ba ƙarya. Fili ne kore shar a wata ƙasar Turai, tarakta na tafe, duk inda ta wuce sai wurin ya kwanta sumul kamar filin ƙwallo. A takardar an rubuta sunan injin, "gyrobroyeur". Na mayar wa dattijon wayarsa na ce, "Baba, a sake kallo. Ciyawar nan da yake yankewa, ina take tafiya?" Suka haɗa kai suka sake kallo. Can sai ɗayansu ya ce, "Ai babu ta. Ya niƙe ta a wurin."

Wannan amsa ita ce dalilin rubutuna na yau. Ra'ayina a taƙaice shi ne: a ƙasar da ruwa ke sauka wata huɗu ya ɗauke kusan wata takwas, injin farko da mai dabbobi zai saya ya zama wanda ke yanka ciyawa a kwashe a adana. Wanda ke dandaƙe ta ya watsar yana da nasa amfanin, zan kuma faɗe shi, amma bai kamata ya cinye kuɗin zubin shekara biyu ba alhali rumbun ingirici babu komai.

Bari mu fara da abin da ya sa maganar inji ta taso ma tun farko. Shekarun baya ba wanda ke tunanin yanka wa garke ciyawa. Idan ta ƙare a nan, sai a kora shanu inda take. Yau hanyar nan tana toshewa. An sa hannu kan dokar kiwo ta ƙasa a watan Afrilun 2019. A watan Disambar shekarar ne gwamnati ta hana shigowar garkunan ƙetare don cin rani a Benin. A 2021 aka kafa hukuma ta musamman a ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa don zaunar da makiyaya wuri ɗaya, ga kuma shirin ProSeR da aka fara gwajinsa a Gogunu. A nan gida kuwa kowa na gani da idonsa: fadamun bakin Kwara da na Sota da shanu ke cin burgu a da, yawancinsu sun koma shinkafa da albasa. Gandun dajin W ba wurin kiwo ba ne a doka, yanzu kuma ga matsalar tsaro a kewayensa. Ko mutum ya yarda da manufar zaunarwa ko bai yarda ba, abu ɗaya ya tabbata: saniyar da ba za ta je wurin ciyawa ba, dole ciyawa ta zo wurinta. Saboda haka dattawan nan ba su yi kuskure ba da suka nemi inji. Wajen zaɓi ne aka so a karkatar da su.

Injin da ke cikin bidiyon, ni sunan da zan ba shi shi ne injin sassabe. Faffaɗan akwatin ƙarfe ne, a ƙarƙashinsa akwai manyan wuƙaƙe masu kauri suna juyawa da ƙarfin tarakta. Ba yanka yake yi irin na lauje ba, duka yake yi, ya farfasa kara ya bar shi a warwatse. A Ingila da Faransa da makamantansu akwai dalilin da ya sa manomi ke son wannan. Can ruwa na sauka kusan kowane wata. Idan shanu sun ci fili sun bar dogayen karare da suka fara fitar da kai, sai a bi a sare saman, cikin 'yan makonni sabon ganye mai laushi ya tofo, a maido da shanun. Abin da aka sare bai dame su ba, don wani na tafe.

Mu fa? Ruwanmu yakan zauna ne daga Yuni zuwa Satumba, in an yi sa'a a samu ɗan yayyafi a farkon Oktoba. Ciyawar da ka sare ka watsar a ƙarshen damina, ba wata da za ta maye gurbinta sai baɗi. Rana ta busar da ita, iskar hunturu ta kwashe, gara ta cinye saura. Wato ka sayi gazuwal da kuɗinka, ka biya direba, don ka lalatar da abincin da saniyarka za ta nema ido rufe a watan Afrilu.

Na ɗauko alli na yi musu lissafi a jikin bango, yadda nake yi wa 'yan ajina. Masana kiwo sun ƙiyasta cewa saniya mai nauyin kilo 250 tana buƙatar busasshen abinci kamar kilo 6 da kwata a rana. Mu ɗauka mutum na da shanu 20, kuma kwana 200 ne babu ɗanyar ciyawa. Shida da kwata sau 20, kilo 125 ke nan kullum. Sau 200, kilo 25,000. Tan 25, ga ƙaramin garke guda. Ko da rabin wannan za su samu a kiwon karan dawa da harawa da abin da suka tsinta a daji, saura fiye da tan 12 sai an tanada. Ɗaya daga cikin dattawan ya riƙe baki ya ce, "Wannan ai ba aikin lauje ba ne." Na ce, "Shi ke nan, Baba, ka faɗi aikin da za a saya wa inji."

Akwai kuma maganar lokaci, wadda ita ce ta fi ba inji daraja. Duk makiyayi ya san bambancin ingiricin da aka yanka da sauran korensa da busasshiyar ciyawar da ta tsaya a daji har ta yi fari. Na farkon dabba na ci ta riƙe jikinta, ta biyun cika ciki ce kawai. Ƙarfin ciyawa yana ganyenta ne lokacin da ta fara fitar da kai; da zarar ta zubar da iri, sai ƙarfin ya bi iri, a bar kara. Ke nan kyasuwa da gamba suna da 'yan makonni ƙalilan da ya dace a yanke su, wajen ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, lokacin da ake iya samun kwana biyu ko uku na rana a jere don shanya. To a daidai wannan lokaci ne kowane hannu ke gona, ana girbin gero, ana cirar gyaɗa, ana shirin yankan shinkafa, makarantu kuma sun koma. Ba a samun ɗan ƙodago, in an samu ma da tsada. Injin da faɗin yankansa ya kai mita ɗaya da rabi, tarakta na tafiyar kilomita 5 a awa, a lissafi zai ci kashi uku cikin huɗu na hekta a awa guda. A cire juyawa da tsayawa, a ce rabin hekta. Yini ɗaya ya yi abin da majiya ƙarfi da yawa za su kwana suna yi.

Injin da ke wannan aiki shi ne wanda takardun dillalai ke kira "faucheuse", mu ce injin lauje. Yana yanke ciyawa daga gindi ya kwantar da ita da tsawonta a layi, a bar ta ta sha rana, a juya, a tara da manjagara, a ɗaure. Iri biyu aka fi samu. Akwai mai dogon hannu da jerin haƙora masu kai da komo kamar injin aski. Ba ya neman tarakta mai ƙarfi, ba ya jifa da duwatsu, kuma idan haƙori ya karye shi kaɗai ake canzawa. Aibinsa, ba shi da sauri, yana shaƙewa a ciyawa mai kauri da ta kwanta, kuma kututture abokin gabarsa ne. Akwai kuma mai faya-fayai ko ganguna masu juyawa da ƙananan wuƙaƙe. Wannan ya fi sauri, ya fi jure ciyawa mai duhu, amma ya fi cin ƙarfi, kuma yawanci yana aske ƙasa sosai. A kula da wannan, domin gamba ba irin kyasuwa ba ce da ke fitowa daga iri kowace shekara. Gamba daga tushenta take tofowa, in aka yi mata ƙwal-kwabo shekara da shekara sai tushen ya mutu. A tambayi dillali ko ana iya ɗaga injin ya bar kamar taƙi guda a ƙasa. Idan ya ce bai sani ba, a nemi wanda ya sani.

Ban ce injin sassabe ba shi da rana ba. Duk wanda ya bi hanyar Gaya zuwa Doso da damina ya ga yadda garmani ya mamaye makiyaya da burtali, ga tafasa, ga tsiron sabara da kalgo a filin da aka daɗe ba a taɓa ba. Dabba ba ta damu da garmani ba, shi kuwa yana hana ciyawar kirki fitowa. A nan injin sassabe gwani ne, in an shiga da shi a tsakiyar damina kafin hakin ya yi iri. Haka nan wajen share hanyar wuta a kewayen filin ciyawa da rumbu kafin gobarar daji ta kaka, da wajen gyara sabon fili kafin a shuka ciyawar dabbobi. Amma duka waɗannan aikin 'yan kwanaki ne a shekara. Abin da ake buƙata na 'yan kwanaki haya ake yi, ko ƙungiyoyi uku su haɗu su sayi ɗaya. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan: tun ƙarshen shekarun 1990 manoman Borgu ke da ƙungiyoyin CUMA, inda mutane ke haɗa kuɗi su mallaki tarakta da kayanta tare, kowa da ranarsa.

Ko wane iri aka tsayar, akwai tambayoyin da bai kamata kuɗi su bar hannu ba sai an amsa su.

Ta farko, taraktarku ce za ta ja shi, ba ta cikin bidiyo ba. A duba ƙarfinta a takardarta, a duba abin da injin ke nema. A tabbatar sandar da ke juya inji a bayan tarakta ta dace, domin yawancin ƙananan injuna an yi su ne don juyi 540 a minti. A duba nauyi kuma. Inji mai nauyi a bayan ƙaramar tarakta yana ɗaga mata gaba, sitiyari ya daina jin magana. Faɗi ba shi ne alheri ba. Mita ɗaya da rabi da ke aiki kullum ya fi mita uku da ke kwance a inuwa.

Ta biyu, a taka filin da ƙafa kafin a zaɓi inji. Filayenmu ba na Turai ba ne. Akwai suri, akwai kututture, akwai marmara, akwai ramukan da kofaton shanu ya bari a laka ta bushe kamar dutse. Masu ƙera injunan nan sun san wuƙa za ta ci karo da abu, shi ya sa suke sa wata ƙusa mai taushi a sandar, wadda aikinta ke nan ta karye don ta ceci akwatin giya, ko kuma su sa faifai mai zamewa idan an yi karo. Abin da ke faruwa a wurinmu kowa ya sani. Ƙusar ta karye sau biyu, ran direba ya ɓaci, ya je wurin mai walda a yanko masa guntun rodi a zura. Daga ranar ƙusa ba ta ƙara karyewa ba, sai ranar da akwatin giya ya fashe gaba ɗaya. An ƙi asarar dala an yi ta miliyan. A sayi ƙusoshin nan da yawa tun ranar farko, a kuma gaya wa direba karyewarsu ba laifinsa ba ne.

Ta uku, ina kayan gyara? Daga Malanbil zuwa Paraku fiye da kilomita 300 ne, zuwa Kwatano fiye da 700. Mun kuma ga yadda rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya mayar da abin da ke tsallaken kogi tamkar yana wata duniya. Injin da ya tsaya kwana goma a watan Maris ba a yi asarar komai ba. Wanda ya tsaya kwana goma a ƙarshen Satumba, shekarar ce ta tafi. Kada a karɓi "za mu aiko muku". A sa wuƙaƙe na canji da bel da ƙusoshi cikin cinikin, a rubuce, a kuma je da bakaniken da zai riƙa gyaran ya ga injin da idonsa ya ce zai iya. Araha ba ta ado.

Ta huɗu, yanka rabin aiki ne. Wa zai tara? Da me za a kwaso? Ina za a ajiye? Ingiricin da aka jibge a ƙasa rabon gara ne, wanda aka ɗaure da danshi kuma ruɓewa yake, wani lokaci har ya yi zafi ya kama wuta. Kafin a yi maganar injin ɗaure dami, wanda ya fi tsada ya kuma fi laulayi, a fara da rumfa mai rufi da dandamali a sama da ƙasa, da amalanke, da akwatin katako da ake danna ciyawa a ciki da ƙafa a ɗaure da igiya. Kafintan unguwa zai iya yin sa. Wannan akwati ma zai yi wa bambaron shinkafar fadamar Malanbil, wanda har yau wasu ke cinna wa wuta alhali masu kiwo na nemansa.

Ta biyar ita ce ta fi damuna, don ni da yara nake yini. A garuruwanmu tarakta ba ta tafiya ita kaɗai, yara na biye da ita a guje. Injin sassabe da mai faya-fayai suna harba dutse da guntun itace da ƙarfin da zai fasa ido ko kai daga nesa. Sandar da ke juyawa kuwa sau tara take zagayawa a daƙiƙa guda. Mu masu babbar riga ne da rawani da mayafi. In ta kama gefen tufa, kafin a ce a kashe inji an gama. Murfin roba da ke kan sandar da labulen da ke kewaye da wuƙaƙe ba kwalliya ba ne, kada a cire su wai suna hana shafa giris. Kuma wuƙaƙen suna ci gaba da juyawa bayan an kashe, sai a jira su tsaya cik. Duk ƙungiyar da ta sayi inji ta sa dattijo guda wanda aikinsa ranar yanka shi ne korar yara daga filin. Ran ɗan mutum ya fi ƙarfin ingiricin duniya.

Saura magana ɗaya da ba ta cikin takardar dillali, ita ce: ciyawar wa za a yanka? Lauje ba ya ƙarar da daji, inji kuwa yana iyawa. Idan masu hali suka shiga makiyayar gari da tarakta suka kwashe ta cikin kwana uku, suka kulle a rumbu suna jiran tsadar bazara, me ya rage wa Bafulatanin da ke da shanu biyar? Me ya rage wa matar da ke turke da rago ɗaya tana jiran Layya, da samarin da ke yanko ciyawa a amalanke suna sayarwa a bakin kasuwa? Malamanmu sun karantar da mu cewa ciyawar daji, kamar ruwa da wuta, jama'a na da tarayya a cikinta. Rigimar manoma da makiyaya da muke fama da ita ta ishe mu, kada mu ƙaro ta makiyayi da makiyayi. Inji ya yi aiki a filin da ƙungiya ta mallaka ko ta shuka, ko wanda aka ware mata da sanin mai gari da arɗo da hukumar gari, a rubuce. Burtali da makiyayar kowa da kowa a bar su.

Ina da kira ga hukumomi. Ofishin ATDA na kwarin Kwara a nan Malanbil yake, kuma an san shi da aikin shinkafa da kayan lambu. Amma manomin shinkafar nan shi ne mai shanun huɗa, shi ne mai tumaki a bayan gida. Muna roƙon a shirya ranar gwaji a fili na gaskiya, mai suri da kututture, a wajen Gene ko Madekali ko Karimama, a kawo injin sassabe da injin lauje a ɗaura su mutane su gani, a yi bayani da Dendi da Fulatanci da Hausa. Kamfanin gwamnati na SoNaMA, da ke sayar wa manoma taraktoci da kayansu, ya dubi kayan yankan ciyawa da tarawa da idon da yake duban garma, ya kuma kusanto da kayan gyara arewa. Ƙungiyar makiyaya ta ANOPER, mai hedkwata a Gogunu, ta taimaka wa ƙananan ƙungiyoyi da wanda zai karanta musu takarda kafin su biya. Ba daidai ba ne a ce wa mutum ya zauna wuri ɗaya, sannan a bar shi shi kaɗai da dillali da bidiyo.

Su kuma dillalai, ba na zargin kowa da ha'inci. Mai yiwuwa wanda ya turo takardar nan an ce masa ne ana son injin yankan ciyawa, ya turo abin da ke shagonsa. Amma ciniki amana ne. Tambaya ɗaya ta isa: za ku kwashe ciyawar ne ko za ku bar ta?

Dattawan nan dai ba su aika kuɗin ba. Mun rabu a kan za su auna filinsu, su tumɓuke kututturan da ke ciki tun ƙasa ba ta yi tauri ba, su kafa rumfa, sannan biyu daga cikinsu su tafi da bakanikensu su ga injin lauje yana aiki kafin a yi ciniki. Da za su tashi, babban nasu ya ce, "Malam, da mun saya da tuni an gama magana." Na ce, "Haka ne, Baba, da an gama." Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ke son ingirici a Oktoba, yanzu ne lokacin tambaya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dabbobinmu da 'ya'yanmu, ya zaunar da iyakokinmu lafiya.